Tarihin Yadda Na'ura Ta Koyi Tuna Baƙonta

Sa'ad da Tim Berners-Lee ya shimfiɗa ƙa'idar HTTP a cibiyar bincike ta CERN, kusa da birnin Janiba, tsakanin 1989 da 1991, bai sa mata hanyar tuna kowa ba. Uwar garke, wato na'urar da ke riƙe da shafuka, takan biya buƙata ɗaya, sa'an nan ta manta da mai ita. Wannan ya ishi masana masu musayar takardu, amma bai ishi 'yan kasuwa ba, gama mai sayen da ya zaɓi kaya a shafin farko, kafin ya kai na biyu an manta da shi da kayansa.

A cikin 1994 Lou Montulli, injiniya a kamfanin Netscape, ya fito da dabarar da ake kira kuki: ɗan guntun rubutu ne da uwar garke ke ba burauzar baƙo, ita kuwa ta riƙa mayar da shi duk lokacin da ta komo. An rubuta ƙa'idarsa a 1997 cikin takardar RFC 2109. Daga nan masu gina manhaja suka bi hanyar da kowane akawu ya sani: fayil ya zauna a ofis, baƙo ya tafi da lambarsa kaɗai. Wannan fayil shi ake kira zama, kuma harshen PHP ya shigar da shi cikin jikinsa a 2000.

Sai dai wata matsala ta ɓullo a bakin ƙofar shiga. Baƙo ya cika kwandonsa tun ba a san ko wane ne shi ba, daga bisani ya ba da sunansa da kalmar sirri. In aka buɗe masa sabon fayil, kayansa sun salwanta. In kuwa aka bar masa tsohuwar lamba, akwai haɗari. A Disamba 2002 Mitja Kolšek ya bayyana yadda ɓarawo kan samo lamba tukuna, ya yaudari mutum ya shiga da ita, sa'an nan shi ma ya kutsa cikin asusunsa ba tare da ya san kalmar sirri ba.

Maganin da aka tsaya a kansa shi ne a raba lamba da abin da take nuni gare shi. Da zarar mutum ya shiga, sai a soke tsohuwar lamba, a ba shi sabuwa, a ƙaura da abin da ke cikin fayil zuwa gare ta. PHP ya samar da umarnin yin haka a 2003. Tsarin Django, wanda aka fitar a 2005, shi ma haka yake yi, har ma yakan share fayil ɗin sarai in ya tarar na wani mutum ne dabam.

Ashe ke nan shekara takwas aka yi tsakanin koya wa na'ura tuna baƙo da fahimtar cewa lambar da ya shigo da ita ba abar amincewa ba ce.