Dalilan da ke sa linzamin kwamfuta ya daina aiki a na'urar KVM

KVM ƙaramar na'ura ce da ke bai wa mutum damar sarrafa kwamfuta biyu ko fiye da kibod ɗaya, allo ɗaya da linzami ɗaya, wato maus. Tana rage kashe kuɗi ga masu shagunan buga takardu da rajistar jarrabawa a garuruwa irin su Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Sai dai linzamin kan sandare bayan an juya daga wata kwamfuta zuwa wata, kuma akasari ba shi ne ya lalace ba. Sanin hakan na iya hutar da mai shago tafiya Funtuwa ko Malumfashi neman mai gyara.

Gwajin farko shi ne a zare linzamin, a jona shi kai tsaye a jikin kwamfutar. Idan ya motsa, matsalar tana ga KVM ɗin ko wayoyinta.

Ƙarancin wuta na daga cikin abubuwan da ke jawo wannan. Kafar USB 2.0 tana ba da bolt 5 da miliamfa 500 kacal, kuma yawancin KVM masu araha daga nan suke jan wutarsu. Idan aka ƙara musu filas ko aka jona waya tana caji, abin da ya rage ba ya isar linzamin. Haka nan idan wutar KEDCO ta ɗauke aka koma janareto, na'urar kan rikice. Sai a zare dukkan wayoyinta na ɗan lokaci, a mayar, sannan a kunna kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Wayar USB 2.0 kuma kada ta wuce mita 5.

Wasu KVM ɗin suna da kafa ta musamman mai hoton linzami, wadda ke kwaikwayon linzami na gama-gari kawai. Linzami marar waya ko mai maɓallai da yawa kan ƙi aiki a cikinta, sai an mayar da shi kafar USB ta gefe. Kafar USB 3.0 kuma takan dagula siginar 2.4GHz da marar waya ke amfani da ita, don haka a nisanta ɗan makarɓinsa daga gare ta.

Windows ma yakan katse wa kafofin USB wuta don tattali. Ana hana shi a Device Manager, a sashen Power Management na kowace USB Root Hub.

A lokacin hunturu kuwa, kafin duk wannan, a goge ƙurar da ke idon linzamin.