Mandolin: Tarihin Wani Ɗan Molo Da Ƙarafunansa

Abin kiɗan da zan yi magana a kansa ba namu ba ne, kuma da wuya ka same shi a kasuwar Maradi ko ta Dole a Damagaram. Sunansa mandolin. Ɗan ƙarami ne, bai kai jita ba, yana da tsarkiya takwas da aka jera biyu-biyu, ana kaɗa shi da ɗan farke kamar yadda ake kaɗa garaya. Tsawon tsarkiyar daga kai zuwa jaki wajen santimita 35 ne kawai. Amma idan an ɗaure takwas ɗin nan, jan da suke yi ya kusan kilo 80, wato ya zarce buhun siminti ɗaya da rabi, a kan katakon da kaurinsa bai wuce ƴan milimita ba. Tarihin mandolin kusan duka tarihin wannan jan ne: wa zai riƙe shi, da wane ƙarfe, da wane itace.

Mafarinsa Italiya. A ƙarni na 18, a birnin Napoli, wani gida da ake kira Vinaccia ya yi suna wajen ƙera mandolin mai zurfin ciki kamar rabin ƙwarya. Ba sassaƙa cikin ake ba, siraran katakai ake lanƙwasawa a manne su ɗaya bayan ɗaya. A lokacin kunnuwan ɗaure tsarkiya na itace ne, ka murɗa ka tura cikin rami, ka yi fatan ya tsaya. Wajen 1835 aka ce Pasquale Vinaccia ya sa masa tsarkiyar ƙarfe zalla, kuma da yake itace ba ya iya riƙe ta, sai ya koma ga kunnuwan inji. Dabarar mai sauƙi ce, amma ku lura da ita: kunnen da kake murɗawa yana da zare irin na bis, zaren yana tura wata ƴar ƙafa mai haƙora, ita kuma tana juya sandar da tsarkiya ke naɗe a kai. Bis yana iya juya ƙafar, ƙafar ba ta iya juya bis. Shi ya sa komai jan tsarkiya ba ta warwarewa. Duk wanda ya taɓa ganin mai molo yana tura zoben fata da babban yatsa tsakanin waƙa da waƙa ya san wahalar da aka huta da ita.

Yadda abin ya shiga Amurka har da ban dariya. A 1880 wata ƙungiyar makaɗa daga Sifen ta sauka New York, ana kiransu ɗaliban Sifen, suka yi farin jini sosai. Abin da suke kaɗawa bandurria ne, ɗan uwan mandolin. Sai wasu Italiyawa mazauna can, a ƙarƙashin wani mai suna Carlo Curti, suka sa irin tufafinsu, suka ari sunansu, suka fito da mandolin, don shi suka iya. Jama'a ba su bambance ba. Cikin ƴan shekaru kowace jami'a da kowane gari na da ƙungiyar mandolin. Wato tun ranar farko da kwaikwayo abin ya shiga ƙasar, ku riƙe wannan.

Daga nan sai Orville Gibson, wani mutum a garin Kalamazoo na jihar Michigan. Shi ya ce lanƙwasa katako da yawan manne suna kashe murya. Sai ya riƙa sassaƙa fuska da baya daga katako mai kauri, yana ba su doro kamar na gogen Turawa. A 1898 ya samu takardar mallakar wannan ƙirƙira. A 1902 wasu ƴan kasuwa biyar suka kafa kamfani da sunansa, shi kuwa aka ture shi gefe, ya rasu a 1918. Tallar kamfanin ba ta da kunya: tsohon mandolin na Napoli suka riƙa yi masa ba'a da ƙwaron dankali, saboda ratsin bayansa. Kuma sun ci kasuwa.

Inda nake son mu daɗe shi ne shekaru biyar, 1919 zuwa 1924, lokacin da wani makaɗi mai suna Lloyd Loar ya yi aiki a kamfanin. A 1922 aka fito da samfurin da ake kira F-5. An cire zagayayyen ramin tsakiya, aka yanka ramuka biyu masu siffar harafin f irin na gogen Turawa. An ƙara tsawon wuya yadda jaki ya dawo tsakiyar fuska, inda katako ya fi motsi. An ɗaga allon yatsu sama don kada ya danne fuskar. A ciki an manna siraran sanduna biyu, ana fere su har sai an ƙwanƙwasa an ji muryar da ake so. Sannan Loar ya sa hannu da kwanan wata a wata ƴar takarda da ake mannawa a ciki. Kuɗinsa dala 250, kuma dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Tsada ce mai yawa, ga shi yayin mandolin ya riga ya fara wucewa, banjo da kiɗan jaz sun karɓe fili. Ƴan ɗaruruwa kaɗan aka yi. Kasuwa ta ƙi, a ƙarshen 1924 Loar ya bar kamfanin.

To, ƙarafunan fa? A nan masu ba da tarihi kan yi sauri su wuce, ni kuwa a nan nake ganin daɗin labarin.

Na farko ma ba a ganinsa. Sanda ce ta ƙarfe da aka binne a cikin wuya, da goro a kanta, idan jan tsarkiya ya fara lanƙwasa wuyan sai a murɗa goron ya miƙe. Wani ma'aikacin kamfanin, Thaddeus McHugh, ya ƙirƙiro ta, ya nemi takardarta a 1921. Kafin ita, wuya sai an yi shi da kauri kamar ƙotar gatari. Yau kusan kowace jita da ke hannun samarin Agadas tana ɗauke da wannan sanda, kuma ban ji mai kiran sunan McHugh ba. Jakin ma a shekarun ne aka raba shi biyu, ƙasa da sama, da ƴan ƙafafu biyu na ƙarfe a tsakani waɗanda ake murzawa da yatsa, tsarkiya ta hau ko ta sauka. Itace yana numfashi, da damina ya kumbura, da hunturu ya tsuke, mu da muka san abin da iskar hunturu ke yi wa ƙofar katako ba sai an yi mana bayani ba. Jakin kansa ba a manne shi, nauyin tsarkiya kaɗai ke riƙe shi a wurinsa.

Sai wutsiya, inda ƙarshen tsarkiya ke maƙalewa. Ta Gibson farantin ƙarfe ne mara kauri da inji ya buga, yana da ƙugiyoyi, da murfi da ake zurawa a kai, an zana sunan kamfanin a jikinsa. Ƙugiyoyin 12 ne alhali tsarkiya takwas ce: huɗun da suka ƙaru suna kallon gefe, don siraran tsarkiyoyi su yi kwana kafin su maƙale, kada madaukinsu ya zame. Gaskiya wutsiyar nan ba wata abar yabo ba ce. Murfin yana kwancewa, yana ƙara idan ana kiɗa, yana faɗuwa ya ɓace, ƙugiya kan karye. Kunnuwan kuwa kamfanin ba ya ƙera su da kansa, saro su yake. Kafin 1918 manyan samfura na zuwa da kunnuwa masu adon fure da ake kira Handel, daga baya suka ɓace daga kasuwa. Na zamanin Loar ana danganta su da kamfanin Waverly, an shafa musu azurfa, maɓallansu na ƙwaryar kawa mai ƙyalli, kowane da ɗan bis a kansa. Akwai kuma garkuwar da ke kare fuska daga karcen farke, an yi ta da seluloyid, robar farko-farko. Wannan abu idan ya tsufa ruɓewa yake, yana fitar da wani tururi da ke cin duk ƙarfen da ke kusa da shi. Mutum ya rufe mandolin a akwati shekara talatin don ya adana shi, ya buɗe ya tarar garkuwar ta ci masa ƙarafuna.

Abin da ya ta da F-5 daga kabari mutum ɗaya ne. A shekarun 1940 Bill Monroe, ɗan jihar Kentucky, ya ga wani a shagon aski a Florida ya saya dala 150. Takardar cikinsa na ɗauke da 9 ga Yuli 1923. An ƙera shi don kiɗan zaure na masu kwat da wando, shi kuwa Monroe ya riƙa sara shi da ƙarfi kamar mai faskare, kuma a kansa ya gina kiɗan da ake kira bluegrass. Duk yaron da ya ji shi sai ya so irin wannan murya. Matsalar ita ce na Loar kaɗan ne, waɗanda kamfanin ke yi a shekarun 1960 da 1970 kuma sun yi nauyi, fenti ya yi musu yawa, murya ta toshe. Sai masu sana'ar hannu suka shiga. Mutane irin su Randy Wood suka riƙa auna tsofaffin suna yin nasu. A 1974 Roger Siminoff ya fitar da littafi mai zanen yadda ake haɗa shi daga farko har ƙarshe. Bayan su aka samu Stephen Gilchrist a Ostireliya, Mike Kemnitzer a Michigan, Lynn Dudenbostel a Tennessee, kowane yana aiki kusan shi kaɗai, mai saye ya jira shekaru.

Kun ga juyin? Abin da aka yi a masana'anta, ma'aikata da yawa kowa da ɓangarensa, shi ne yau mutum ɗaya ke zama wata da watanni yana kwaikwaya da hannu. Yana dafa gam ɗin fata a tukunya kamar a 1923, don shi ne idan an sa masa zafi da danshi yake sakin katako ba tare da ɓarna ba, a gyara a mayar. Yana shafa man ƙyalli siriri, ya bi shi da tsumma. Loar kansa ba shi ke riƙe da kurfi ba, dubawa yake ya sa hannu. Waɗanda suka fere katakon sunansu bai shiga takardar ba, kuma wannan yana ci mini rai duk lokacin da na ji ana cewa "na Loar", musamman da aka taɓa sayar da irinsu sama da dala dubu 200.

Kwaikwayon ma hawa-hawa ne. Wasu na farko har sunan Gibson suka riƙa sawa a kan nasu, wanda ko da niyyar girmamawa aka yi, hannu na biyu ko na uku zai sayar da shi a matsayin na asali. Na gari suna sa sunansu. A kan ƙarafuna kuma maƙeran sun rabu. John Monteleone na New York ya zuba tasa wutsiyar da narkakken ƙarfe, guda ɗaya mai nauyi, ba murfin da zai faɗi. Wasu sun ce a'a, nauyin wutsiya yana taɓa murya, mara nauyin nan ta dā tana cikin sirrin, sai suka yi mai kama da ita amma murfinta na da ƙyaure. Ni ina bayan waɗannan na biyun, domin sun tambayi kansu me tsohon abu ke yi kafin su taɓa shi. Waɗanda ba na fahimta su ne masu sayen sabon mandolin da aka kankare, aka dusashe azurfarsa da gangan don ya yi kamar ya shekara ɗari. Har kamfanin Gibson ya taɓa sayar da irinsu, a kan kuɗin da ya fi na sabo fes. Karcen da ke jikin na Monroe shekara hamsin na hanya da gumi ne suka yi shi.

Shi wannan na Monroe bai ga ta daɗi ba. A farkon shekarun 1950 ya yi fushi da wani gyara da kamfanin ya yi masa, ya sa wuƙa ya ƙwaƙule sunan Gibson daga kansa, haka ya riƙa yawo da shi da rami har 1980 da suka shirya. A watan Nuwamba 1985 wani ya shiga gidansa ya farfasa mandolin ɗin da ƙarfen tonon wuta. Wani ma'aikacin Gibson, Charlie Derrington, ya tattara gutsattsarin, wajen 500, wasu ba su fi tsinken ashana ba, kuma a gauraye suke da na wani mandolin na biyu da aka fasa tare. Ya zauna watanni yana tantancewa yana mannewa ɗaya-ɗaya. Monroe ya karɓa ya ci gaba da kaɗa shi har kusan rasuwarsa a 1996. Yanzu yana cikin gilashi a gidan tarihin kiɗan country da ke Nashville.

Mai gyaran tsoho yau babbar damuwarsa sau da yawa ba katako ba ce, kunnuwa ne. Haƙoransu sun cinye bayan shekara ɗari na murɗawa, kuma tazarar ramukan da ke kan tsofaffin Gibson na kafin zamanin Loar ta fi ta yanzu faɗi da abin da bai kai milimita ɗaya ba. Ramuka huɗu ne a jere a kowane gefe, kafin ka kai na huɗu kuskuren ya taru, sabon kunne ya ƙi shiga, ko ya shiga a karkace ya ƙi juyawa. Shekaru da yawa masu gyara suna toshe ramukan su huda sababbi, suka ɓata kawuna masu yawa. Sai da wani kamfanin kayan maƙeran kiɗa, Stewart-MacDonald, wanda shi ne kuma ya farfaɗo da sunan Waverly, ya koma ya auna tsofaffin ramukan, ya fara ƙera kunnuwa a kan tsohuwar tazarar.