Yadda 'yar fitila ta samu gurbi a kan fedar jita

1/ Watan jiya na sha kunya a wajen dinar abokina a Unguwar Rimi, kuma duk a kan rashin wata 'yar fitila da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Neman dalili ya kai ni har 1961, ya dawo da ni Panteka. Zaren da ɗan tsawo, a gyara zama 🧵

2/ Ga wanda bai sani ba: feda wani ɗan akwatin ƙarfe ne da mai kaɗa jitar lantarki ke ajiyewa a ƙasa, tsakanin jita da amfilifaya. Ka taka makunninta, sauti ya canza. Ka sake takawa, ya koma yadda yake. Da ƙafa ake yi saboda hannu biyu duk suna kan jita.

3/ Tawa ta gado ce. Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya yi kiɗa da ita a shekarun 1970, har sunan kamfanin ya goge. Ba ta da fitila. Ranar dinar, amarya da ango na shigowa, ya kamata in fara da taushi. Ashe a kunne take. Ina taɓa tsirkiya sai ƙara kamar an tayar da injin markaɗe. Wallahi har uwar amarya sai da ta waiwayo 😭

4/ Na dawo gida ina ta tambayar kaina: mutanen da suka iya ƙera wannan abu, me ya hana su sa masa fitila? Ina aji uku a jami'a, lantarki nake karanta, na ɗauka ganganci ne kawai. Ashe akwai dalili.

5/ Shi kansa wannan sautin mai kaushi, wanda ake ce wa fuz, kuskure ne ya haife shi. A birnin Nashville na Amurka ana ɗaukar waƙar Don't Worry ta Marty Robbins, wadda ta fito a 1961, sai layi ɗaya na na'urar haɗa sauti ya samu matsala, jitar Grady Martin ta fito a dagule. Aka bar ta a haka, mutane kuma suka so ta.

6/ Injiniyan da ya ɗauki waƙar, Glenn Snoddy, ya zauna ya haɗa da'irar tiransista da za ta riƙa ba da wannan sautin da gangan. Kamfanin Gibson ya fitar da ita a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Kasuwarta ba ta buɗe ba sai 1965, da Rolling Stones suka yi amfani da ita a waƙar Satisfaction.

7/ A 1966 aka fara ƙera Fuzz Face a Landan, wadda Jimi Hendrix ya yi suna da ita. Ita ma ba fitila. Dalili na farko: fitilar da ta dace jaririya ce a lokacin. A 1962 ne Nick Holonyak na kamfanin General Electric ya yi LED ja ta farko da ido ke gani, kuma ta ɗauki shekaru tana da tsada. Ƙwan fitila na gargajiya kuwa nan da nan zai shanye batir mai bolt 9.

8/ Dalili na biyu shi ne makunnin. 'Yan Kaduna za ku gane wannan da sauri. Tirelar da ta taso daga Zariya za ta Abuja ba ta buƙatar shiga Ahmadu Bello Way, sai ta bi baifas. Haka sautin jita: in feda a kashe take, ana so ya zagaye da'irar gaba ɗaya, ya wuce amfilifaya ba tare da an taɓa shi ba.

9/ Kafin hakan ta yiwu, makunni zai karkata hanya biyu lokaci guda: ta shiga da ta fita. Makunnin da ake samu a lokacin, DPDT, ƙafa 6 gare shi, layi biyu kenan. Shiga ta ci ɗaya, fita ta ci ɗaya. Ba abin da ya rage wa fitila.

10/ Duk da haka mawaƙa suka yi aiki da su haka nan, har a nan gida. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ƙungiyoyi irin su BLO da Ofege da Funkees suka cika faifai da fuz. A Kaduna kuma akwai Bala Miller, ɗan asalin Zariya, da ƙungiyarsa Great Music Pyrameeds of Afrika, suna wasa a Costain Club, suna waƙa da Hausa. Ya rasu a 2003.

11/ Kawu ya ce a can ya fara tsayawa yana kallon yatsun masu jita. Na ce, "Kawu, to ta yaya kuke sanin a kunne take ko a kashe?" Ya ce, "Lissafi muke yi a ka. In ka manta, ka rage murya ka taɓa tsirkiya ɗaya kafin a fara. Kai da me ka yi aiki, kunne ko waya?" Na yi shiru 😅

12/ Japanawa ne suka biyo ta wata hanya. A 1977 Boss suka fitar da ƙananan fedojinsu, inda tiransista ke karkata sautin, makunnin ƙafa umarni kawai yake bayarwa. Sai fitila ta samu wuri. Amma a na farko-farkon tana haske ne kawai lokacin da ƙafarka ke kai, don a duba batir. Shi ya sa har yau CHECK ne rubuce a kusa da ita.

13/ Masu son baifas na zahiri ba su gamsu ba, don a tsarin Boss sauti na bi ta tiransista ko feda a kashe take. Wani injiniya, R.G. Keen, ya fito da wata 'yar da'ira mai suna Millennium Bypass da ke kunna LED da makunni mai ƙafa 6. Daga baya makunnin 3PDT mai ƙafa 9 ya wadata: layi biyu na sauti, na uku na fitila. Shi ne a yawancin fedojin haɗin hannu yau.

14/ Na yi odarsa. Amma sai an huda murfin, kuma rami ba ya komawa. Abin da ya rage wa Kawu na wancan zamanin kenan, jitar ma ya sayar tuni. Sati guda ina juya maganar. Da na faɗa masa ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Huda. Amma tsohon makunnin ka kawo mini abina."

15/ Lissafin mai sauƙi ne. Batir bolt 9, LED ja na cin kusan 2, saura 7. Ka sa rezista 4.7k a layi ɗaya da ita, abin da zai wuce bai fi miliam 1.5 ba. Haske ya isa, batir bai wahala. Kar ka taɓa haɗa LED kai tsaye ba rezista, nan take za ta ƙone. Doguwar ƙafarta ita ce fozitib.

16/ Na bi zanen intanet daki-daki, na like komai da dalma. Sauti lafiya lau. Fitila shiru. Na canza LED uku, na sake lissafi, kwana biyu ba barci. Ni da ke da maki mai kyau a darasin da'ira.

17/ Ƙarshe na kwashe ta sai tsohuwar Panteka, nan kusa da Kaduna Poly. Makarantar ta fara a 1956 a matsayin cibiyar koyar da fasaha, ta zama Poly a 1968. A gefenta kuma ga kasuwar da ake koyon sana'a da hannu, daga walda zuwa gyaran rediyo. Sau nawa na wuce ta a Keke, ban taɓa tunanin zan shiga neman ilimi ba.

18/ Wani dattijo mai gyaran amfilifaya ya karɓa. Bai taɓa riƙe fedar jita ba. Ya ɗora mita, bai yi minti biyu ba ya ce, "Injiniya, jikin akwatin nan fozitib ne." Na ce, "Baba, ai jiki negatib ake yi." Ya ce, "A littafinku. Tsofaffin rediyo da yawa haka suke."

19/ Gaskiyarsa. Fuz na farko-farko da tiransistan jamaniyam nau'in PNP aka yi su, kuma a irinsu fozitib ɗin batir ake haɗawa da jiki. Zanen da na bi na fedojin zamani ne. LED kuwa hanya ɗaya take barin wuta ta wuce, ni kuma na sa ta a juye. Ya juya ƙafafun biyu, na taka, ta kawo ja. Ya ƙi karɓar ko sisi, wai in sayo masa shayi.

20/ Ya ƙara mini biyu. Ka ɗauki wutar fitila ta yadda zare wayar jita zai kashe ta, in ba haka ba batir zai ƙare cikin jaka. Sannan feda mai fozitib a jiki kar ka haɗa ta a adafta ɗaya da sauran, za ka haɗa wuta.

21/ Irin wannan haɗe-haɗen ba baƙo ba ne a yankinmu. Mdou Moctar na Nijar, da yanzu ke zagaya duniya da jita, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, ya yaɗu ta memori da Bluetooth daga waya zuwa waya.

22/ Tsohon makunnin yana wajen Kawu cikin kwalbar turare. Ranar Asabar na yi wasa a wani biki a Malali, na duba ƙasa kafin in fara, fitila a kashe, amarya ta shigo lafiya. Hutun nan zan riƙa zuwa wajen Baba sau biyu a sati, ya ce in zo da mitata.

23/ In akwai tsohuwar feda, rediyo ko amfilifaya a ɗakin kakanku, ku ɗauko hoto ku sa a ƙasa, mu gani ko za a iya gano shekararta. Kuma don Allah kafin ka huda kayan mutane, ka nemi izini, ka kuma auna da mita. Sai da safe 🙏