Irin OGM: su wa ke tantance shi kafin ya shigo gona?

Duk wanda ya san hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ko Illela zuwa Ƙonni, ya san iri ba ya tsayawa a iyaka. Tiya guda ta wake a cikin kaya ta isa. To tunda a Najeriya an riga an halatta noman wasu iri da ake kira OGM, ya kamata mu san ko mine ne, da kuma irin horon da ake bai wa masu sa ido a kansa.

Mi ake nufi da OGM?

OGM taƙaitawa ce ta Faransanci. Ana nufin shuka, dabba ko wata halitta da masana suka sauya wa ƙwayoyin gado a ɗakin gwaje-gwaje. Misali mafi kusa da mu shi ne waken SAMPEA 20-T, wanda cibiyar binciken noma ta jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta fitar a ƙarshen shekarar 2019. An ɗauko ƙwayar gado daga wata bakteriya ta cikin ƙasa da ake kira Bt, aka sa wa waken, don ya kare kansa daga maruka, tsutsar nan mai cin fure da kwanson wake. Masu binciken sun ce feshi biyu ya wadatar a damana, maimakon shida zuwa takwas.

A nan sai a lura: ba kowane ingantaccen iri ne OGM ba. Hatsi HKP da wake TN5-78, waɗanda aka sani ta hannun cibiyar INRAN, ta hanyar zaɓe da haɗa iri aka same su, ba a sa musu ƙwayar gadon wata halitta ba.

Mi doka ta ce?

Ƙasashen duniya sun amince da yarjejeniyar Kartahena a watan Janairun 2000, ta fara aiki ranar 11 ga Satumban 2003. Ginshiƙinta shi ne: kafin a kai wa wata ƙasa irin OGM don shukawa a karon farko, sai an sanar da ita a rubuce, ta yi nazari, ta ce e ko a'a. An ba ta kwana 270 ta yanke hukunci. Nijar ta shiga yarjejeniyar a 2004, kuma a watan Oktoban 2019 ta samu dokarta ta kariya daga haɗarin wannan fasaha. Najeriya ta kafa hukumarta, NBMA, tun 2015.

Sai dai doka a takarda ba ta duba buhu. Kamfani ko cibiyar bincike kan kawo takardu tuli guda, cike da sakamakon gwaji. In babu ɗan ƙasa da zai iya karanta su ya gano inda aka yi tsallake, to ko dai a sa hannu ido rufe, ko a ƙi don tsoro kawai. Duka biyun manomi ne ke asara. Shi ya sa sashe na 22 na yarjejeniyar ya tanadi a taimaka wa ƙasashe masu tasowa su horar da mutanensu. A Afirka, cibiyar ABNE ta hukumar NEPAD na daga cikin masu wannan aiki, ita ma ƙungiyar UEMOA ta gudanar da shiri na yanki a kai.

Mi ake koyarwa?

Na farko, lafiyar mutum da dabba. Ana koya wa masana yadda za su gane ko sabon sinadarin da ke cikin shukar na da guba, ko yana tayar da borin jini, da ko amfanin abincin ya canza. A wajenmu har harawa sai an duba, tunda ita ce abincin bisashe.

Na biyu, muhalli. Wake galibi shi ke barbarar kansa, amma yana da dangi na daji a Afirka. Masara da hatsi kuwa iska ke ɗaukar garin furensu zuwa gonar maƙwabci. Kenan hukuncin da aka yanke wa wake ba zai yi wa masara ba, kowane iri da nasa nazari. Ana kuma duba ko ƙwari masu amfani, irin su zuma, za su cutu.

Na uku, gonar gwaji. Ana killace ta, a nisanta ta da sauran gonaki, a rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, a lalata ragowar bayan girbi.

Na huɗu, ganewa. Da ido ba a bambance waken OGM da na gida. Akwai ɗan tsinken gwaji da ake tsomawa a ruwan niƙaƙƙen iri, ya nuna cikin ƴan mintoci, akwai kuma gwajin PCR na ɗakin bincike. Nan ne jami'an duwan da masu duba lafiyar tsirrai a iyaka ke buƙatar horo.

Na biyar, bibiya. Tsutsa kan saba da sinadarin a hankali, don haka ake so a shuka wake na gida kusa da na Bt, kuma malaman gona su riƙa zagayawa.

Darasin Burkina Faso

Maƙwabtanmu sun fara noman audugar Bt a 2008. Ta rage feshi, amma sai aka tarar silin audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya. A 2016 kamfanonin auduga na ƙasar suka daina. Wannan ya nuna cewa bayan tambayar lafiya, akwai ta ciniki: wa zai saya, kuma nawa?

Abin da ya rage ga manomi

In za ka sayi iri, tambayi sunansa da inda ya fito, ka nemi takardar da ke jikin buhu. Izinin da wata ƙasa ta bayar ba ya aiki a Nijar, kowace ƙasa da hukuncinta. Ƴan uwa da ke ci-rani kuma, kafin ku aiko wa gida da sabon iri, ku faɗi sunansa, a kai wa malamin gona ya gani tukuna. Irin da ya gauraya a rumbu, rabe shi sai Allah.