Maita a Kagarko da Kudancin Kaduna: Abin da Ake Faɗa da Abin da Doka Ta Ce

Yaranmu da aka haifa a Agege, Sabo ta Ibadan ko Fatakwal sun fi sanin maita ta finafinan Nollywood, inda tsohuwa ke rikiɗa tsuntsu da tsakar dare. Maitar da ake faɗa a gida, a Kagarko da Jere har Kafanchan, ba haka take ba. Shi ya sa na ga ya kamata in fayyace ta.

A wajen Bahaushe, maye shi ne mai kama kurwa. Ana cewa yana da ƙanƙara a ciki, wadda ko dai ya gada, ko ya saya. In ya kama kurwar mutum sai ya ɓoye ta, mai ita ya kwanta ciwo yana ramewa. Maganin, wai, a sa mayen ya tsallake majinyacin, kurwa ta dawo. Daga nan yara suka samo "kurwata kur", kuma a wasu garuruwa har Sarkin Mayu ake naɗawa don ya sa a saki wanda aka kama.

Maita daban, bori daban, dodo daban. Bori harkar iskoki ce irin su Sarkin Rafi da Ɗan Galadima. Dodo kuwa, a wajen maƙwabtanmu irin su Atyap da Bajju, al'adar maza ce ta kakanni, ana fito da shi don horo da tsawatarwa. Turawa sun cakuɗa su duka. Manjo Tremearne, wanda ya yi aiki a Jama'a, ya fitar da littafi a 1912 da ya zana mutanen Kagoro a matsayin masu farautar kawuna, sannan a 1914 ya yi wani kan bori. Tun lokacin ake sayar da labarin yankinmu da tsoro.

Inda na fi damuwa shi ne yadda ake "gane" maye. Yawanci majinyaci ne ke ambaton suna yana cikin zafin zazzaɓi. To, maleriya in ta taɓa ƙwaƙwalwa tana sa sambatu, haka taifot da sanƙarau. Wa mai sambatu zai kira? Wanda yake gani kullum: kishiyar uwa, kaka, ko tsohuwar da ke maƙwabtaka ba ta da mai tsaya mata. Kafin a gama taron tsallake, lokacin asibiti ya wuce. Ita kuma tambarin ya bi ta, har jikokinta mata su rasa manema, tunda an ce abin gado ne.

Doka ba ta ɗauki wannan da wasa ba. Sashe na 216 na kundin Penal Code na Arewa ya haramta mutum ya ce shi maye ne, ya kuma haramta jifan wani da maita, hukuncin ya kai ɗaurin shekara 2. A Kudu, sashe na 210 na Criminal Code ya tanadi irin haka. Akwa Ibom ma, bayan an yi ta korar yara daga gida da sunan maita, ta yi doka a 2008 da ta hana yi wa yaro wannan ƙazafi.

Mu da ke zaman baƙunta, ihun "maye" a tsakar gidan haya kan tara taron da ba mai iya tsayar da shi. In rigimar ta taso, a fara kai mara lafiya asibiti, maganar kuma a kai ta gaban Sarkin Hausawa ko limamin unguwa.