Laifi da Horo: Tarihin Kalmomin Hukunci a Jamusanci da Hausa, da Misalai daga Kudancin Katsina



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu dubi kalmomin da al'umma take kiran laifi da hukunci da su, domin a cikinsu take ajiye tarihin shari'arta. Zan fara da Jamusanci, harshen da na yi karatu a cikinsa, sa'an nan in komo gida, ƙasar Funtuwa da Malumfashi.

Ba da ka na zaɓi Jamusanci ba. Jamusawa suna cikin Turawan farko da suka tattara kalmomin Hausa a rubuce. J. F. Schön ya buga ƙamusunsa a 1876. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a birnin Katsina a farkon 1851. Adam Mischlich kuwa, wanda ya yi aiki da Imam Umaru a Kete-Krachi, ya fitar da ƙamusun Hausa da Jamusanci a Berlin a 1906. Tun da sun auna harshenmu da nasu, ba laifi ba ne mu ma mu auna nasu da namu.

Kalmomi huɗu na Jamusanci

Ta farko ita ce Schuld. Baturen Ingila yana da kalmomi biyu a nan, watau guilt domin laifin da ya hau kan mutum, da debt domin bashi. Bajamushe kuwa kalma ɗaya ya haɗa su a ciki. A kan wannan ne Friedrich Nietzsche ya kafa hujja a 1887, cewa tunanin laifi daga dangantakar mai bin bashi da wanda ake bi ya samo asali. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, gama yana da alhaki, daga Larabci al-haƙƙ. Wanda ya ɗauki alhakin wani, abu ne ya ɗauka wanda dole ya biya, ko a nan ko a gobe kiyama. Shi ya sa ake cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Ta biyu ita ce Wergeld, watau kuɗin mutum, wadda Ingilishi na dā ya sani da wergild. A dokar ƙabilar Frank ta farkon ƙarni na 6, wadda ake kira Lex Salica, an yanka wa ran ɗa, wanda ba bawa ba, sulalla 200 na zinariya. Wannan ita ce diyya, wadda shari'ar Musulunci ta yanka a kan raƙuma 100 ko dinari 1,000. Manufar duka biyun ita ce a kashe wutar ramuwar gayya tsakanin dangi da dangi.

Ta uku ita ce Zuchthaus. Kalmar Zucht tana nufin tarbiyya da ladabtarwa, Haus kuma gida. An fara gina irin waɗannan gidaje a farkon ƙarni na 17 a garuruwa kamar Bremen da Lübeck, don a koya wa mabarata da 'yan zaman banza aiki. Sannu a hankali sunan ya koma na kurkuku mafi tsanani, mai zubar da mutunci, har Jamus ta Yamma ta soke wannan hukunci da dokar 1969. Takwararta a Hausa ita ce horo. Ana horon doki, ana horon almajiri, ana kuma horon ɓarawo.

Ta huɗu ita ce Übertretung, ma'anarta ƙetare iyaka. Kundin dokokin laifi na Jamus na 1871 ya kasa laifi gida uku: Verbrechen, babban laifi, wanda ya yi kusa da felony na Ingilishi, Vergehen, matsakaici, kusa da misdemeanour, da Übertretung, ƙarami, wanda aka cire daga kundin a 1975. Kalmar haddi ma asalinta a Larabci iyaka ce. Sai dai abin da Bajamushe ya sa wa ƙaramin laifi, Musulmi ya sa wa mafi girma, domin iyakar ta Allah ce.

Hawa uku na kalmomin Hausa

In muka juyo ga Hausa, za mu ga kalmomin sun jeru hawa uku, kamar ginin da aka yi ta ƙara wa bene.

Hawa na farko shi ne na gargajiya, irin su sata da ɓarna da fansa da kunya da turu da mari. Shari'ar gona ce da gida. A ƙasar noma irin ta Malumfashi, inda har yanzu akwai Maguzawa, babbar ƙara ita ce ta iyakar gona da ɓarnar dabbobi. Mai gida da mai unguwa da Sarkin Noma su ne suke zuwa su ga ɓarnar da idonsu, su ƙiyasta, a biya. Wanda ya yi musu sai ya rantse da aradu. Wannan shari'a ba ta damu ƙwarai da ɗaure mai laifi ba. Abin da take nema shi ne a mayar wa mai haƙƙi abinsa, a ci gaba da zaman tare.

Hawa na biyu na Larabci ne. Ita kanta kalmar laifi daga al-aib ta fito, zunubi daga zunub, hukunci daga hukm, alƙali daga al-ƙali. Waɗannan sun shigo tun kafin jihadi, amma jihadin 1804 ne ya ba su haƙora. A cikin Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakunan Haɓe a kan karɓar dukiya daga mai laifi maimakon tsayar da haddi, har ya ambaci wasu al'adun da sunayensu na Hausa, kamar gaisuwa da jangali. Bayan Katsina ta shiga hannun Ummarun Dallaje a 1807, alƙali ya sami matsayi a tsarin mulki, gidan yari kuma yana hannun mai sarautar Yari, dogarai suna kamo masu laifi.

Hawa na uku na Turawa ne, bayan 1903. Daga gare su muka sami kotu da joji da lauya da sammaci da beli da fursuna da caji ofis. 'Yan'uwanmu na Maraɗi, da yake Faransa ce ta mallake su, sai suka sami kaso, daga cachot. Turawa sun bar kotunan alƙalai a ƙarƙashin En'e, amma sun hana yanke hannu. Da jirgin ƙasa ya iso Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, cinikin auduga ya bunƙasa, baƙi suka cika gari, sai ga manomin ƙasar Sarkin Maska ko ta Galadima yana tsaye gaban hukuma ana yi masa magana da kalmomi na hawa uku a zama ɗaya. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Daga nan aka sami dokar Final Kot, wadda ta fara aiki a 1960. Ta ɗauke hukuncin laifuffuka daga littattafan fiƙihu, ta bar bulalar haddi kurum ga Musulmi a kan wasu laifuffuka, kamar shan giya.

Ranar da kalma ta zama rai

Kada wani ya ɗauka wannan zancen malaman harshe ne kawai. Jihar Katsina ta dawo da hukuncin haddi a 2000. A watan Maris 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal, mutuniyar Kurami, hukuncin jefewa. Ranar 19 ga Agusta 2002 babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da shi. Cikin hujjojin lauyoyinta akwai cewa ba a bayyana mata ma'anar zina a shari'ance ba. Kalmar tana bakin kowane Bahaushe, amma a fiƙihu tana da sharuɗɗa masu tsauri, kuma shubuha tana kau da haddi. Sun kuma kawo mas'alar kwantaccen ciki ta mazhabar Malikiyya, wadda take jingina cikin bazawara ga tsohon mijinta har tsawon shekaru. Ranar 25 ga Satumba 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta sallame ta, da rinjayen alƙalai huɗu cikin biyar. Tazarar da ke tsakanin ma'anar kasuwa da ma'anar littafi ta kusa cin ran mace.

A zamaninmu ma ana ta gwagwarmaya a kan suna. A 2019 doka ta sauya sunan hukumar gidajen yari, kafofin labarai suka shiga cewa gidan gyaran hali. Tarihin Zuchthaus ya isa ya gargaɗe mu cewa kyakkyawan suna ba ya gyara ɗaki. Haka kuma a Faskari da Sabuwa da Ɗandume, kuɗin da 'yan bindiga suka riƙa ƙaƙaba wa manomi kafin ya shiga gonarsa an kira shi haraji, alhali haraji na hukuma ne, wannan kuwa ƙwace ne. An kira wasunsu tubabbu bayan sulhun 2019, alhali sharaɗin tuba a wurin malamai shi ne mayar da haƙƙi ga mai shi. Sai a ƙarshen 2021 wata babbar kotun tarayya ta ayyana su 'yan ta'adda.

Kammalawa

Abin da nake roƙo shi ne malaman Hausa da malaman fiƙihu da lauyoyi su zauna su tsara ƙamusun kalmomin shari'a, wanda zai bambance ma'anar titi da ma'anar kotu, a kuma horar da tafintoci a kansa. Mutumin da za a ɗaure yana da haƙƙin ya fahimci sunan abin da ake tuhumarsa da shi, cikin harshen da ya sha a nono. In muka bar shi a duhu, alhakinsa yana wuyanmu, mu da muka yi karatu. Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.