Tarihin Ganyen Shayi Da Abin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani

Kafin in shiga tarihin da na ɗauko, bari in fara da wata kunya da na taɓa sha, domin ita ce ta jefa ni cikin bin diddigin wannan ganye.

Ina amarya, ko wata uku ban cika a ɗakina ba, sai maigida ya yi baƙi daga Agadas, abokan cinikinsa ne. Ni kuwa don in nuna na iya karɓar baƙo, sai na cika filas da ruwan zafi, na jera kofunan da aka yi mini jere da su, na tsoma 'yar jakar nan mai zare wadda muke kira Lipton ko da wane kamfani ne ya yi ta, na zabga madara da sukari na aika. Da aka dawo da tire sai na ga kowane kofi kurɓa ɗaya aka yi masa. Can bayan la'asar sai ga yaro an aiko, wai baƙi suna roƙon a taimaka musu da gawayi. Ashe da 'yar butarsu suke tafe da ganyensu. Ranar kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari na kai ƙara wajen wata dattijuwa maƙwabciyarmu, ita ma asalinta daga can Abzin ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, “Haba 'yata, ai ba raini ba ne. Ke ƙurar shayi kika ba su, su kuwa ganyen suka sani.” Na ce, “Inna, ashe shayin ma iri-iri ne?” Ta ce, “Zauna ki gani.” To abin da na fara koya a gabanta, da wanda na ƙara sani daga baya, shi ne zan ba ku.

Asalin bishiyar shayi daga yankin kudu maso yammacin ƙasar Sin ne da duwatsun da ke maƙwabtaka da shi. Sinawa suna da tatsuniyar wani sarkinsu na dauri mai suna Shennong, wai iska ce ta kaɗo ganye cikin ruwan da ake tafasa masa, ya sha ya ji daɗi. Wannan dai tatsuniya ce. Abin da yake tabbas shi ne, wajen shekarar 760 wani masani mai suna Lu Yu ya rubuta littafi sukutum a kan shayi kaɗai: yadda ake nomansa, da tsinkarsa, da irin ruwan da ya dace da shi, da kayan dafa shi. A wancan zamani ba a baje ake ajiye ganyen ba. Turara shi ake yi a daka, a matse shi ya zama dunƙule kamar na daddawa, in za a sha sai a gutsuro a niƙe.

Wannan matsi aiki ne mai wahala, balle wanda ake yi domin kai wa fada a matsayin gaisuwar sarki. Sai a shekarar 1391, Sarki Hongwu wanda ya kafa daular Ming, wanda shi kansa ɗan talakawa manoma ne da ya san yunwa, ya ba da umarni a daina kawo wa fada dunƙulen shayi, a riƙa kawo ganyen a sake yadda yake. Kun ga daga nan ne shan ganyen shayi a buta ya samu gindin zama, har magina tukwane na garin Yixing suka yi suna wajen gina 'yan butoci na jar ƙasa. Wato 'yar butar da baƙina suka fito da ita, jikar waccan doka ce ta shekara fiye da 600.

Ko sunan ma yana ɗauke da tarihin hanyar da ganyen ya biyo. Yawancin Sinawa “ca” suke ce masa. Wannan suna shi ya bi fatake ta tudu, Farisawa suka ce “cai”, Larabawa suka ce “shay”, mu kuma muka ce shayi. Amma mutanen gaɓar teku na lardin Fujian “te” suke cewa, kuma a wajensu Turawan Holan suka ɗauki sunan, shi ya sa Bature yake cewa “ti”. Saboda haka duk wadda ta ce wa ɗanta “zo ka sha ti” da safe, ta ce wa mijinta “ga shayi” da dare, ta haɗa hanyar ruwa da ta tudu a bakinta ba ta sani ba.

Turawan Holan ne suka fara kai shi Turai don ciniki wajen 1610. A Ingila kuwa mace ce ta ɗaga darajarsa, wata gimbiyar Fotugal mai suna Katarina wadda ta auri Sarki Charles na Biyu a 1662, ta zo da ɗabi'ar shansa, matan fada suka kwaikwaya. Tsadarsa ta kai ana kulle shi a ɗan akwati, uwargida ce ke riƙe da mabuɗin. Harajin da gwamnati ta ɗora masa ya kai kashi 119 cikin ɗari kafin a rage shi zuwa 12 da rabi a 1784. Kun san kuwa duk inda kaya ya yi tsada, algus ba ya nisa. 'Yan kasuwa suka riƙa cakuɗa shi da ganyen wasu itatuwa, da tsohon ganyen da aka riga aka sha aka sake busarwa, har da rini don ya yi kyan gani. Uwargida, riƙe wannan a ranki, za mu dawo kansa.

Kada ku ɗauka abin sha ne kawai, an zubar da jini a kan ganyen nan. A 1773 mutanen garin Boston na Amurka suka kifar da akwati 342 na shayi cikin teku don ƙin harajin Ingila, rigimar da ta kasance cikin mafarin yaƙin neman 'yancin ƙasarsu. Can gabas kuma, Sinawa azurfa suke karɓa a kan shayinsu, azurfar Ingila ta yi ta zurarewa. Sai 'yan kasuwar Ingila suka shiga shigar musu da ofiyom, wani mugun kayan maye da ake nomawa a Indiya. Da hukumar Sin ta hana, sai yaƙi ya ɓarke daga 1839 zuwa 1842, aka ci Sinawa, aka karɓe tsibirin Hong Kong, wanda bai koma hannunsu ba sai 1997.

Duk da haka Ingila ba ta so ta dogara da Sin. Tun 1823 wani Bature mai suna Robert Bruce ya samu labari daga mutanen Assam da ke Indiya cewa akwai irin bishiyar a dajinsu, kuma sun daɗe suna sha. A 1839 aka yi gwanjon shayin Assam na farko a Landan. A 1848 kuma kamfanin Ingila mai mulkin Indiya ya tura wani masanin tsirrai, Robert Fortune, ya yi shigar Sinawa ya kutsa yankunan da aka hana baƙi shiga, ya fito da iri da dashe da ma'aikatan da suka san sirrin sarrafa ganyen. A tsibirin Silon, wanda yanzu ake kira Siri Lanka, James Taylor ya fara gonar shayi a 1867, da cuta ta cinye gonakin kofi sai kowa ya koma shayi. Can ne wani mai kantin kayan masarufi, Thomas Lipton, ya sayi gonaki a 1890, sunan da har yau yake bakinmu. A Kenya kuwa an fara dasa shi a 1903, mu ma nan Nijeriya tun shekarun 1970 ake nomansa a Kakara, kan tsaunin Mambila a jihar Taraba ta yanzu, domin bishiya ce mai son tudu da sanyi da yawan ruwan sama.

To ina aka samo 'yar jaka mai zare? A Amurka ne a farkon ƙarni na 20. Wasu mata biyu na garin Milwaukee sun nemi rajistar irin wannan dabara tun 1901, daga baya 'yan kasuwa suka yaɗa ta. A farkon shekarun 1930 kuma aka ƙirƙiro injin da ke murƙushe ganye ya yayyaga shi ya mulmula shi ƙanana. Ɓarɓashi da ƙura sun fi saurin ba da launi a ruwa, shi ya sa su ake ɗurawa a yawancin jakunkunan. Ba haramun ba ne, ba kuma guba ba, yana da ranarsa in ana sauri yara za su makaranta. Sai dai launi da ƙarfi yake bayarwa, ƙamshin kan gudu da wuri.

Shayin baƙina kuwa wata hanya ya biyo. Koren shayin Sin ne, wanda ya fara shiga Maroko a matsayin kyautar sarakuna, sa'annan ya yawaita a tsakiyar ƙarni na 19. Masu tarihi da dama suna danganta wannan da yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, lokacin da wasu kasuwanni suka toshe wa 'yan kasuwar Ingila suka karkato da kayansu tashoshin Tanja da Sawira. Mutanen Maroko suka haɗa shi da na'ana'a da sukari suka kira shi “atay”. Daga nan ayarin raƙuma suka ratsa Sahara da shi, ya zama abokin zaman Larabawan hamada da Abzinawa, har ya iso garuruwanmu. In kin duba kwalinsa a kasuwa za ki ga lambobi. Mai 3505 shi ne wanda aka mulmula kamar 'yan ƙwayoyi, Turawa suka yi masa laƙabi da albarushi. Masu 9371 da 41022 kuwa dogaye ne a lanƙwashe, Sinawa suna kamanta su da girar mace.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, kore da baƙi duk bishiya ɗaya ce. In aka tsinko ganye aka yi maza aka gasa shi a kasko ko aka turara, sai ya tsaya kore. In aka murza shi aka bar iska ta ratsa shi, kamar yadda goro kan yi ja in an ɓara shi an ajiye, sai ya zama baƙin shayi. Mafi kyawu shi ne toho da ganye biyu na saman reshe, kuma a Indiya da Siri Lanka yawanci mata ne 'yan uwanmu ke wuni a tsaye da kwando a baya suna tsinka, a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai an tsinko fiye da kilo 4 na ɗanye kafin a samu kilo 1 na busasshe. Wadda ta san wannan ba za ta yi wasa da ko cokali ɗaya ba.

Yanzu ga abin da Inna ta koya mini na ɗanɗano. In za ki saya, zuba kaɗan a tafin hannunki ki duba. Ganye mai kyau kamanninsa ɗaya, ba itace, ba ƙura a ƙasa, in kin shinshina babu warin rima. In ya bar miki launi a hannu, ko ya rina ruwan sanyi nan take, ki tuna da algus ɗin da na faɗa a baya, ki ajiye musu kayansu, arha ba ta ado. A gida ki sa shi a gwangwani mai murfi, nesa da daddawa da yaji da turaren wuta, domin yana zuƙar warin duk abin da ke kusa da shi.

Kofin farko ki sha shi ba sukari ba madara, ko da sau ɗaya ne, don ki san ainihin abin da kika saya. Baƙin shayi yana son ruwan da ya tafasa, a rufe shi minti 3 zuwa 5. Kore kuwa in za a jiƙa shi ne, sai a sauke ruwan ya ɗan huce tukuna, a ba shi kamar minti 2, in ba haka ba ɗaci zai rufe komai. Shinshina kafin ki kurɓa, ki bar shi ya zagaya baki, ki lura da abin da ya rage a maƙogwaro bayan kin haɗiye. Sa'annan ki leƙa buta, ganye na gari za ki ga ya buɗe ya koma kamar yadda yake a reshe. Dafuwar Abzinawa daban ce: a kan gawayi ake yi, a ɗauraye ganyen da ruwan zafi, a dafa, a yi ta juyawa daga buta zuwa ɗan kofin gilas daga sama har ya yi kumfa. Zagaye uku ake yi da ganye ɗaya, na farko mai ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku mai zaƙi, kuma ba a tashi sai an sha na ukun. Citta da kanumfari da kirfa duk suna da daɗi, amma a sa su da hankali kada su danne mai gida.

Gargaɗi ɗaya ga masu juna biyu da masu fama da ƙarancin jini. Shayi yana rage wa jiki iya tsotsar sinadarin ƙarfen da ke cikin abinci irin su wake da ganye, don haka a ba da tazarar kamar awa guda tsakaninsa da cin abinci ko shan maganin ƙarin jini. Yana kuma ɗauke da sinadarin nan mai hana barci, saboda haka mai ciki ta taƙaita, musamman mai kaurin nan na zagayen farko.

Da baƙin nan suka sake dawowa bayan shekara, ban aika da filas ba. Na hura gawayi da kaina na yi zagaye ukun, yaro yana kai wa yana dawowa da kofuna wayam. Da za su tafi babbansu ya aiko mini da ƙullin ganye da saƙon cewa a gaida amarya, ta zama 'yar gida. Har yau ina da gwangwanin da na zuba shi, ko da yake ganyen ya daɗe da ƙarewa.